Sirinji da kan injin tsohuwar 504

Da wuya ka sami Peugeot 504 da har yanzu take yawo a Kano wadda kan injinta bai taɓa zuwa wurin masu sharewa ba. Motar da aka haɗa a Kaduna a shekarun 1980 ta sha tafasa a hanya, gaskit ya ƙone, kan ya ɗan lanƙwashe tunda alminiyam ne, aka kai shi aka share fuskarsa aka mayar. Kowace sharewa tana cin wani abu, kuma motar ta bi hannun makanikai da yawa kafin ta iso gare ka. A duk abin da na koya kan tayar da tsofaffin injuna, wannan ne ya fi yi mini amfani: lambar matsi da ke cikin littafi ta sabon inji ce, injin da ke gabanka kuwa tasa daban.

Lissafin ba shi da wuya. Fistin ya sauka, silinda ta cika da iska da fetur, ya hau ya cusa su cikin ɗan gurbin da ya rage a ƙarƙashin kan inji. Ka haɗa girman sararin da fistin ya ratsa da girman gurbin, ka raba da girman gurbin, shi ke nan ka sami matsin. Injin 504 mai cc 1971 silinda huɗu gare shi, kowacce kusan cc 493. In littafi ya ce 8.8, gurbin ya kama wajen cc 63 ke nan. Faɗin silindar milimita 88 ne, saboda haka milimita ɗaya da aka share daga fuskar kan tana iya tafiya da cc 5 zuwa 6. Gurbi ya koma 57, matsi ya haura 9.6. Mai mota bai ce a yi masa haka ba, bakanike ma bai san ya yi ba. Ga kuma baƙin gawayin da zai taru a kan fistin nan da shekara ya ƙara cinye wurin.

Ogan da ya koya mini aiki ba ya ɗaure kan tsohon inji sai ya aiki yaro kemis ya sayo babbar sirinji. A kifa kan a tebur, bawul da filogi suna wurinsu, a shafa giris a gefen gurbin, a ɗora gilashi ko roba mai haske da aka huda. Sai a riƙa ɗura kananzir da sirinjin ta hudar ana ƙirga cc nawa gurbin ya ci har kumfar iska ta ƙarshe ta fita. Haka za a yi wa gurbi huɗu, domin sau da yawa ba sa zuwa daidai. A ƙara da kaurin gaskit, da kwarmin da ke kan fistin in akwai, da tazarar fistin daga bakin silinda. Yaran garejin da ke kusa da mu har tsokanarmu suke wai mun buɗe asibiti. Su abin da suka sani shi ne agogon da ake ɗaurawa a ramin filogi. Wannan agogon lafiyar ringi da bawul yake nunawa, kuma lokacin da bawul ke rufewa da ƙarfin batir duk suna canja abin da zai karanta. Ba ya maye gurbin sirinji.

Sai maganar mai. Lokacin da 504 ta fito a Faransa a 1968, fetur mai dalma ake sha, kuma direba na da zaɓi tsakanin na gama-gari da mai ƙarfi. Zuwa farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sa dalma a fetur. Oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. Yau a Turai mai oktan 95 shi ne na kowa, akwai kuma 98. Mu a nan famfo ɗaya ne, mai iri ɗaya, a takarda oktan ɗinsa wajen 91. A takarda na ce. Wanda ya ga Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima motoci suka yi ta lalacewa, ya san takarda ba ta shiga tanki. Ranar da layi ya yi tsawo a gidan mai, Alhajin da ya rantse ba ya sayen na jarka zai tsaya wurin 'yan bumburutu, kuma ba mai tambayar abin da aka gauraya. Don haka ni da mafi munin litar da motar za ta sha nake lissafi.

Zafin garin nan shi ma yana cikin lissafin. A watan Afrilu ana wuce digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe lagireto, mota tana tsaye a cunkoson Bata ko Kurna tana zuƙar iska mai zafi. A irin wannan hali, filogi ya kunna wuta, kafin harshen wutar ya gama ratsa gurbin sai ragowar man da ke gefe ya fashe da kansa saboda matsi da zafi. Ƙarar da ake ji ke nan idan aka taka a babbar giya, kamar tsakuwa a cikin gwangwani. In ta daɗe tana yi, sai ta karya ringi, ta ci saman fistin, ta sake ƙona gaskit ɗin da aka sa jiya. Motocin zamani suna kai matsi 10 ko fiye, kuma wannan man namu suke sha, amma suna da na'urar da ke jin ƙarar ta gaya wa kwamfuta ta ja wuta baya, wato ta ɗan jinkirta lokacin da filogi ke kunnawa. A 504 kunnen direba ne kaɗai, shi kuma rediyo na kunne. Injin da ya zauna lafiya a Jos, inda tudu ya haura mita 1,200 ga sanyi, yana iya fara wannan ƙarar da ya sauko Kano.

Masu sha'awar tsofaffin motoci, musamman matasan da suka gaji ta mahaifinsu, sukan zo da maganar ƙarin ƙarfi da suka gani a intanet. Gaskiya ne ƙara matsi yana ƙara ƙarfi, amma daga 8 zuwa 9 abin da za a samu bai fi kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba, wanda ko a titin Zariya ba za ka ji shi a ƙafarka ba. Nakan ce, "Yallaɓai, wanda ya rubuta wancan yana da 98 a bakin gidansa." Ra'ayina ga 504 mai kafireta da za ta zauna a Kano shi ne tsakanin 8 da 8.5. Volkswagen ƙirar kunkuru kuwa, da iska kaɗai ke sanyaya ta, ba na yarda ta wuce wajen 7.5 da kamfani ya ba injin 1600.

Idan awo ya nuna matsi ya yi yawa, hanyoyin gyara ba su da yawa. Gaskit mai ƙarin kaurin rabin milimita yana mayar da kusan cc 3. Fistin mai kwarmi yana mayar da fiye da haka. In kan ya ci sharewa sosai, gara a shiga Ƙofar Ruwa a nemo wani, shi ma a auna shi kafin a biya, domin na gwanjo ba ya zuwa da tarihinsa. Ninka gaskit biyu dai ban yarda da shi ba, ba ya daɗewa. Abin da aka fi yi a gari shi ne a juya distiributa a ja wuta baya har ƙarar ta ɓace. Ƙara takan ɓace kam, amma mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, zafin ya koma kan bawul ɗin hayaƙi, sai kuma a cire tamostat a ce shi ne matsalar. Da tsadar mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, mai mota ne zai yi ta biyan kuɗin wannan dabarar kullum a gidan mai.

Bayan inji ya ɗan yi tafiya ringi sun zauna, ba da safe nake gwaji ba. Nakan bari sai bayan azahar, in sa yara biyu a baya, in kashe rediyo, in hau gadar Ƙofar Nasarawa a giya ta huɗu da ƙaramin gudu in taka. In na ji ƙarar, ina da digiri biyu na wuta da zan iya ja baya. In ta nemi fiye da haka, kan injin zai sake sauka, kuma kuɗin sabon gaskit daga aljihuna zai fita.