Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana Bakwai Bayan Cire Haƙori

A makon jiya na tsaya a inda likita ya ɗaga hoton muƙamuƙina ya nuna mini haƙorin ƙarshe na ƙasa ta ɓangaren hagu, kwance a karkace, ya tokare turmin da ke gabansa. Shi ake kira haƙorin hankali, domin yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25 yake fitowa, bayan sauran haƙora 28 sun riga sun kama wurarensu. Shekarata 23 a lokacin, ina shekara ta biyu a Legas, ina taya Kawu cinikin albasa a kasuwar Mile 12.

Aikin kansa bai daɗe ba. An yi mini allurar kashe zafi, aka tsaga dasashi, aka raba haƙorin gida biyu aka fitar, aka ɗinke, sannan aka ɗora auduga aka ce in cije ta tsawon rabin sa'a. Kafin in fita, ma'aikaciyar jinya ta riƙe ni ta maimaita magana guda har sau uku: gudan jinin da zai daskare a cikin ramin shi ne murfin ƙashi, kuma a ƙarƙashinsa sabon nama zai tsiro, saboda haka in kiyaye shi. Kada in tofar da yawu, kada in kurkure baki da ƙarfi, kada in zuƙi abin sha da bututun roba.

Daga Ikeja zuwa Agege ba wata tafiya ba ce, amma cunkoson yamma ya riƙe motarmu har allurar ta fara saki. Ina shiga gida Inna, matar Kawu, ta dubi fuskata ta ɗora ruwa a wuta.

"Ɗan nan, zauna in gasa maka wurin, ga kanumfari ka danna a ciki," in ji ta.

"Inna, ki yi haƙuri, an ce yau da gobe sanyi wurin yake so," na amsa da ƙyar.

Ranta bai so ba, kuma na fahimce ta, domin da ruwan zafi ta yi jinyar kowane targaɗe a gidan nan. Kawu ne ya raba gardamar da cewa a bi maganar wanda ya yi aikin. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ya rage ruwan da ke taruwa a cikin nama, zafi kuwa buɗe su yake yi, shi ya sa gashi a ranar farko kan ƙara kumburi ya kuma tayar da jini. Babu wuta a unguwar, sai Inna da kanta ta aiki yaro wurin mai sayar da lemo ya sayo fiya wata mai ƙanƙara guda huɗu. Ta naɗe ɗaya a cikin ɗankwali mai tsabta, ina dafawa a kunci minti 20, in sauke minti 20, har dare. Na sha maganin da aka rubuta mini a kan lokacinsa, na kwanta da matashi biyu domin kaina ya ɗaga.

Abin da ya fi damuna a daren shi ne alwala. Na tambayi Kawu, ya ce kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba, kuma mai larura yana da sauƙi. Sai bayan kwana guda cur na fara amfani da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi, kuma ko shi ba na wujijjiga shi. Nakan karkata kai a hankali, in buɗe baki ya zube da kansa.

Safiyar kwana na uku ita ce ba zan manta ba. Na duba madubi na ga kuncina ya cika har ya haɗe da ƙasan kunne, fatar ta yi sheƙi, bakina kuma yatsa biyu ba sa shiga. Na tabbata a raina aikin ya ɓaci. Na buga wa ma'aikaciyar jinyar waya, ta tambaye ni ko akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko wahalar haɗiya da numfashi, ko leɓena bai daina mutuwa ba. Babu ko ɗaya. Ta ce kumburin wannan aiki a kwana na biyu zuwa na uku yake kaiwa ƙarshensa, daga nan ya fara sauka, amma idan ya ci gaba da hauhawa, ko ɗaya daga cikin waɗancan alamu ya bayyana, in taho ba tare da jira ba. Sannan ta ce yanzu lokacin gashi ya yi. Inna ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi, ta matse, ta dafa mini a muƙamuƙi tana yi mini sannu, kuma a ranar na ji taurin ya fara sassautawa.

Abincina a kwanakin nan kunu ne da ya huce, da fura da nono mai ruwa-ruwa, da ayaba, da burodin Agege da aka jiƙa a shayi mai ɗumi. Shinkafa da gyaɗa da tsire na bar su, saboda ɓarɓashinsu kan maƙale a ramin. Wani abokin cinikinmu ya zo duba ni, ya ba ni labarin nasa: ya koma shan taba washegarin cirewa, gudan jinin ya fita, ƙashi ya fito fili, a kwana na huɗu zugi ya kama shi har cikin kunne, baki yana wari, sai da aka koma aka wanke ramin aka cusa magani. Daga ranar, ko harshena ban sake kaiwa wurin ba.

A kwana na bakwai aka warware ɗinkin. Kumburin ya sace, sai ɗan tauri idan na yi hamma. Ina shirin tashi daga kujera likitan ya sake ɗaga hoton nan, ya ɗora biro a kan ɓangaren dama, ya ce akwai maganar da ya kamata Kawu ya ji. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.