TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Tayin aikin da ban nema ba

Assalamu alaikum. Wancan makon na tsaya a inda na mayar da iyalina Kano a 2019 saboda kuɗin murafiƙin, wato kuɗin da aka ɗora wa duk baƙon da ke zaune da iyalinsa a Saudiyya tun 2017, ya fara daga riyal 100 kan kowane mutum a wata ya dinga hawa har ya kai 400 a 2020. Mace ɗaya da yara uku, ku lissafa da kanku. Toh yau zan tsallake shekaru kaɗan in kawo ku wani abu da ya hana ni barci kusan sati biyu.

Watan Sha'aban ne, lokacin da duk mai shago a Jidda yake so a wanke masa AC kafin azumi ya kama. Aka tura ni Balad, tsohon garin Jidda, wani shagon turare da darduma da carbi kusa da Bab Makka, na wani dattijo ɗan asalin Hadramaut. AC ɗinsa na ɗigar da ruwa a kan kaya, ina buɗewa naga bututun ruwan ne ya toshe da datti, aikin minti talatin ne. Ina kan tsani, hannuna duk baƙin ƙura, sai ga wasu hajiyoyi uku ƴan umara sun shigo, ina jin ɗaya tace "wanga nawa na?" nasan Sakkwatawa ne. Yaron shagon ɗan Bangaladash ne, Hausarsa bata wuce "Hajiya zo", "goma", "ashirin" ba, ita kuma Hajiya itacen udu take nema na gaske zata kai wa surukinta, shi kuma sai tura mata ma'amul yake yi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Nace Hajiya wannan haɗi ne, garin itace aka kwaɓa da turare, in itacen kike so ga shi can a gilas, amma da awo ake sayarwa kuma da tsada. Ta ɗago kai tace "la ilaha illallahu, ɗana kai ɗan ina ne?" Shikenan na sauko, na sa aka kunna gawayi aka ɗora ɗan ɓalli suka shaƙa, na faɗa musu wanda zai daɗe a jikin tufa da wanda ƙamshinsa ke gudu da wuri. Ni ba masanin turare bane, abin da na gani a gidajen da nake shiga aiki ne kawai. Sun bar riyal 900 da wani abu a shagon, suna fita suna sa min albarka.

Dattijon yana zaune bai ce komai ba, ya biya kuɗin gyara na tafi. Bayan kwana biyu da daddare ya kira ni. Yace yana so in bar gyaran AC in dawo wajensa mai sayarwa, in tsaya a shago kuma in dinga zagaya otal-otal ɗin da alhazan Najeriya da Nijar ke sauka da samfurin kaya. Albashi riyal 2,000, ga ɗaki, ga kamasho biyu cikin ɗari na duk abin da na sayar. Yace "ya akhi, harshenka ya fi hannunka kuɗi."

Wallahi maganar nan ta shige ni. Shekara goma sha ɗaya ina shiga gidajen mutane ta ƙofar baya, ba wanda ya taɓa kallona yace akwai wani abu a tare da ni bayan sukundireba da tukunyar gas. Kuma jikina ya fara faɗa min gaskiya, gwiwata ta dama in na sauko daga bene sai na dafa bango, ga wani abokin aikinmu da ya zame daga hawa na biyu yana ɗaura injin waje, har yau da sanda yake tafiya. Wanda bai taɓa hawa rufin gida a Jidda a watan Agusta ba, ga rana ga gumin teku, ƙarfe na ƙona tafin hannu, ba zai gane me yasa shago mai sanyi da ƙamshi ya tsaya min a rai ba.

Na kira uwargida. Ko gama bayani ban yi ba tace "Malam ka karɓa dan Allah, har yaushe za ka yi ta hawa bango, kullum raina a tsaye yake." Nace mata bari in je Makka in ga Kawu tukun.

Kawu ƙanin kakana ne ta wajen uba, yana yaro iyayensa suka taho da shi ta ƙasa, suka yi shekaru a Sudan suna noma kafin su tsallako ta Sawakin, tun lokacin yana Makka, yanzu yana zaune a unguwar Shari'a Mansur. Na same shi bayan la'asar da butar shayinsa. Ya saurare ni har ƙarshe sannan yace "ɗana, me aka rubuta a igamarka?" Igama ita ce katin izinin zama na baƙo. Nace fanni takyif, wato mai gyaran AC. Yace "shi kuma me zai rubuta?" Na yi shiru, don ban tambaya ba.

A nan ne maganar take. A ƙasar nan sana'ar da ke kan igama ita ce sana'arka, kuma wajen wanda sunansa ke kanta kaɗai zaka yi aiki, in masu bincike suka same ka kana ciniki a shagon wani da igamar mai gyara, tara ce, ƙarshenta ma Shumaisi, inda ake tsare baƙi, da tarhil, wato a mayar da kai ƙasarku. Kuma harkar tsayuwa a shago ita aka fi mayar wa ƴan ƙasa, a 2016 an cire baƙi daga shagunan waya gaba ɗaya, daga 2018 aka bi ta kan na tufafi da kayan ɗaki da agogo da sauransu. Gaskiya ne tun Maris 2021 mutum na iya sauya wajen aiki ta Qiwa, shafin gwamnati na harkar ma'aikata, ko kafilinsa, wato wanda sunansa ke kan igamarsa, bai yarda ba in ya cika sharuɗɗa, amma sai sabon wajen ya tura maka kwantiragi a rubuce da sana'ar da doka ta yarda baƙo ya yi. Dattijon bai ambaci ko ɗaya ba.

Sai Kawu ya ƙara da cewa in tuna 2020. Na tuna kuwa. Korona ta sa aka dakatar da umara, Hajji aka yi da mutane ƙalilan na cikin ƙasa, Balad ta zama kamar kufai, masu cin kamasho sun yi watanni ba ko halala. Ni kuwa wayata bata daina ƙara ba, mutane na kulle a gida AC na aiki dare da rana yana lalacewa. Yace "guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

A motar dawowa na dinga lissafi. Alhajin Najeriya a 2024 dala 500 aka bashi guzuri, riyal 1,875 kenan, a ciki zai ci ya yi tsarabar gida guda, ga naira ta faɗi. Kafin kamashona ya kai riyal 1,000 a wata sai na sayar da kayan 50,000. A Ramadan da lokacin Hajji zai yiwu, Muharram da Safar fa? Sannan wani abu ya fi damuna, hajiyoyin nan sun saya ne don na faɗa musu gaskiya ba ni da ko sisi a ciki. Ranar da kuɗin makarantar ƴaƴana ya rataya a kan kamasho, in tsohuwa ta ɗauki haɗi tana zaton itace ne, zan iya cewa ta ajiye? Ina so in ce eh, amma tambayar ta bi ni har kan katifa.

Duk da haka ban iya cewa a'a ba, gwiwar nan tana nan kuma muryar uwargida na kunnena. Na yi istihara dare uku. Ranar Asabar na tura masa saƙo nace na gode da karamcinsa, ina da buƙata biyu, ya tura min kwantiragi ta Qiwa in ga sana'ar da zai sa, kuma ya yarda ba zan sayar da haɗi da sunan itace ba ko da ciniki zai wuce.

Kwana huɗu ba amsa. Ranar Laraba ina wani gida a Kandara ina cika gas sai saƙonsa ya shigo, kalma uku kacal: "ta'al bukra, natafaham", wato in zo gobe mu fahimci juna. Washegari na gama aikin safe, na wanke hannuna da omo har sau uku, na sa farar jallabiyata, amma jakar kayan aikina na rataye a kafaɗa na nufi Bab Makka.

Abin da ya ajiye min a kan tebur sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.