Ku ƙirga ƙwayoyin, kada ku tsaya ga tambaya

Shekara goma sha huɗu mahaifina yana shan maganin hawan jini, ba a taɓa tuna masa ba. Mutum ne da in ƙwaya uku ta rage a kati zai fara cewa a karɓo masa wani. To ranar da na buɗe kwalin na tarar da kati biyu ba a ɓalle ko ɗaya ba, alhali wata ya kusa ƙarewa, kamata ya yi gabana ya faɗi. Ni kuwa sai na hau mita.

"Baba, me ya sa ka bar shan magani?"

"Na sha mana, ɗazu-ɗazun nan."

Na ɗauka taurin kai ne irin na manya. Ashe har ga Allah a ransa ya sha. Bayan makonni sai abin ya juya: kati na kwana goma ya ƙare a kwana shida, yana ta kukan jiri in ya miƙe. Yakan sha, ya manta, ya sake sha, jininsa ya sauka fiye da kima.

Kuskurena na biyu ya fi na farko, don shi kama da kirki yake yi. Na kwashe magungunan na koma ba shi da hannuna safe da dare. Awon jininsa ya daidaita, likita ya yaba, ni ma na yi shiru. Wato na gyara maganar magani, na kuma ɓoye wa likita alamar da ya fi buƙatar ji. Kusan shekara guda muka yi a haka.

Shan magani a kan ƙa'ida ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙwaƙwalwa. Sai mutum ya san yau wace rana ce, ya tuna abin da zai yi nan gaba, ya bambance shan yau da na jiya, ya lissafa saura nawa. Shi ya sa in gigin tsufa ya soma, irin wannan aiki, da lissafin kuɗi, kan fara tangarɗa tun tsoho yana hirarsa lafiya lau, yana kawo labaran ƙuruciyarsa tiryan-tiryan. Gigin tsufa, wanda cutar Alzheimer ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a hankali yake shigowa.

Amma kada ku yanke hukunci da kanku. Ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, raunin gani, ko maganin barci, duk suna iya kawo irin wannan ruɗewa, kuma ana iya magance su. Kowa ma yakan tsallake magani wata rana. Abin lura shi ne sauyi daga yadda kuka san mutumin, kuma yana maimaituwa.

Ku riƙa ƙirga ƙwayoyin duk mako, ba tare da kun tozarta shi ba, ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata. In za ku asibiti ku tafi da kwalayen duka a leda ɗaya.

Da na yi hakan daga ƙarshe, likita ya miƙa wa Baba takarda don gwada ƙwaƙwalwarsa, ya ce ya zana agogo, ya sa ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Ya zana da'irar tsaf, sannan ya jera lambobin duka a gefe ɗaya, ya ɗago ya kalle ni.