Godiya ga waɗanda suka taya mu ceto takardun kakanmu

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau na samu natsuwar yin rubutu tun daren da ruwan sama ya huda rufin ɗakin marigayi kakanmu ya sauka cikin adakar littattafansa. Wallahi da na ɗaga murfin na ga gafaka uku sun jiƙe sharkaf sai da jikina ya mutu, don tawadar gawayi da ƙaro ce, ruwa kaɗan ya isa ya wanke ta.

Godiya ta farko ga Baba Liman na unguwarmu, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni da har na ɗauko tabarma zan shanya su a rana, shi ya hana ni ya ce a inuwa ake bazawa ɗaya bayan ɗaya. Takardun warwara ne ba ɗinkakku ba, babu lambar shafi, ga shi duk sun cakuɗe, amma dattijon nan kwana tara yana kan buzu yana bin kalmar nan da magabata ke sawa a ƙasan shafi wadda da ita shafi na gaba zai fara, har ya jera su. A nan muka gane ashe muna da kwafin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rubuta a 1812, har da wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Borno kan maganar jihadi. Sai kuma Tabbat Haƙiƙa da ajami, waƙar Shehu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa daga Fulatanci. Ana fara karantawa Inna ta fashe da kuka, ta ce haka kakarta ke rera ta bayan asuba.

Na gode wa ƙannena da abokansu da suka kwana suna ɗaukar hoton kowane shafi da waya, da bawan Allah nan ma'aikacin adana tarihi da ya zo ko kuɗin mota bai karɓa ba. Shi ya ɗaga takarda a haske ya nuna mana tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta, ya ce irin wadda fatake ke ratso Sahara da ita ce daga Italiya.

Shafi 11 sun wanke tas, ba a iya karanta komai, wannan kam yana ci min rai har yanzu. Bayan sallah in sha Allahu zan je Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, in nemi wani kwafin mu cike gurbin. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanmu.