Yadda na binne aikin zango biyu a mujallar bogi

Har yau idan na buɗe imel na ga saƙon da ya fara da kirana "Dakta", sai gabana ya faɗi. Ni malamar Fiziks ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a jihar Katsina, digiri ɗaya gare ni da takardar koyarwa. Da wannan kiran na "Dakta" aka fara jan ra'ayina a farkon 2024, kuma abin da ya biyo baya bai daina yi min ciwo ba.

Aikin da kansa bai ba ni wahala ba. Ɗakin gwaje-gwajenmu ma'aunin wuta ɗaya ne ya rage mai aiki, don haka na ɗora manhajar PhET ta Jami'ar Colorado, mai kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a fuskar waya ko kwamfuta, a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, na haɗa ta da farantin sola da batir, na tara tsofaffin wayoyin salula tara daga wajen dangi. Ba ruwanmu da data, na'urar ce ke ba wayoyin abin da ke cikinta. Aji ɗaya na 'yan SS2 suka riƙa haɗa batir da ƙwan fitila a fuskar waya suna gwada dokar Ohm, wato ƙa'idar gudanar wutar lantarki, da hannunsu, ɗaya ajin muka ci gaba da allo da alli. Na yi musu jarrabawa kafin a fara da bayan an gama, zango biyu cur ina rubuta maki a littafi. Ranar da wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tashi ta yi wa ajin bayanin abin da ya sa ƙwayayen fitila ke dishewa idan aka jera su a layi ɗaya, shugabar makarantarmu tana tsaye a bakin ƙofa. Da aka tashi ta ce min, "Malama, ki rubuta wannan abu. Kada ya mutu a ajinki." Na ce, "To, Hajiya."

Mako uku na yi ina rubutu da daddare bayan yara sun kwanta. Shafi 14 da Turanci, da jadawalin maki, da hotuna uku na ɗalibai sun sunkuya a kan wayoyi. Da na gama sai na shiga neman inda zan kai shi, na bar adireshina a shafuka biyu ko uku, daga nan saƙonni suka fara sauka. Wanda ya fi ɗaukar hankalina, wanda ya fara da kirana "Dakta", daga wata mujalla ce mai dogon suna, wai ta ƙasa da ƙasa, wai ofishinta yana Landan. Tana da lambar ISSN, tana da jerin farfesoshi a matsayin editoci, ta kuma yi alkawarin amsa cikin mako guda.

Daren Alhamis na tura. Ranar Litinin da safe amsa ta zo cewa an karɓa, babu gyara ko na waƙafi.

Na yi murna har na yi sujada. Suka ce in biya dala 120, suka ba ni lambar asusun banki a nan gida Najeriya, da sunan wani mutum a kai maimakon sunan kamfani. Na lura da hakan, zuciyata ta ɗan sosa, amma na danne. Kuɗin adashina ne na watan, na tura. Sai suka aiko da takardar miƙa haƙƙin mallaka, shafi ɗaya, na sa hannu ban karanta ta har ƙarshe ba. A cikin duk abin da na yi a wannan makon, wannan sa hannun ne ya fi tsada, ya fi dala 120 nesa ba kusa ba.

Bayan takardar bincikena ta fito a mujallar na tura wa wata ƙawata da muka yi jami'a tare, yanzu tana aiki a laburaren wata jami'a. Ina jiran barka, sai ga kiranta. "Ƙawata, kwana nawa suka yi kafin su amsa miki?" Na ce huɗu. Ta yi shiru. "Kin sa hannu a wata takarda?" Na ce e. Ta yi salati, ta ce in buɗe mujallar mu duba tare.

A fitowar da aka sa takardata akwai maƙala a kan kiwon kaji, da wata a kan bashin banki, da wata a kan ƙarfin siminti. Wane edita ne ya san duk waɗannan? Ta ce in nemi sunan mujallar a DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, wanda sai an tantance mujalla ake sa ta. Babu ita. Ta ce in kwafi adireshin Landan ɗin in duba a taswira. Shagon karɓar wasiƙu ne. Na ce to ai suna da ISSN. Ta ce, "ISSN lambar rajista ce kawai, kamar lambar mota. A Najeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita. Lambar mota tana gaya miki direba ya iya tuƙi?"

Ita ta ba ni labarin Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, wanda ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu har ya rufe jerin nasa a watan Janairu na 2017. Ta kuma gaya min gwajin da wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya yi a 2013: ya ƙirƙiri takardar bincike ta ƙarya mai cike da kurakuran da duk masani zai gani, ya tura wa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Ta gaya min ne don in san ba ni kaɗai aka taɓa yi wa haka ba. Ni kuwa abin da na ji shi ne, mutane sun san wannan rami fiye da shekara goma, kiran waya ɗaya da na yi mata kafin daren Alhamis ɗin nan da ban faɗa ba.

Da farko na ɗauka asarar ta tsaya a kuɗi. Na ce to, Allah Ya mayar da alheri, bari in kai takardar inda ya dace. Na shiga AJOL, rumbun mujallun Afirka da ke Afirka ta Kudu wanda yake aiki tun 1998, na samu wata mujallar ilimi ta wata jami'a da ta dace da aikina. Na rubuta wa editan, na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya amsa min cikin mutunci, ya ce aikin ya burge shi, amma ƙa'ida ce a kowace mujalla ta gaske cewa ba a karɓar abin da aka riga aka buga a wani wuri, kuma tunda na miƙa haƙƙin mallaka, takardar ma ba tawa ba ce da zan ba shi. Sai in na sa sun janye ta a rubuce.

Na rubuta musu. Waɗanda suka amsa min cikin kwana huɗu lokacin karɓar kuɗi, sai da suka yi mako uku. Suka ce janyewa dala 300 ce. Ban biya ba, kuma ƙawata ta ce ko na biya babu tabbacin za su cire. Makin da na yi zango biyu ina tarawa, da hannuna na kai shi inda ba ya dawowa. Takardar bincike sau ɗaya ake buga ta, wannan ne abin da babu wanda ya taɓa gaya min, a jami'a ko a wajen bita.

Akwai kuma abin da ya fi hana ni barci. Hotunan nan uku suna nan a intanet, fuskokin 'yan mata a fili, 'yan shekara 15 da 16, ban nemi izinin iyayensu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake amfani da bayanan yaro, kuma ko babu doka, mu nan mun san abin da hoton 'ya mace yake nufi a gidan ubanta. Editan gaske da ya tambaye ni takardar izini kafin ya buga. Waɗannan ba su ma buɗe fayil ɗin sun karanta ba. Sai da na bi gida-gida tare da Hajiya na ba iyaye haƙuri. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malama, amana muka ba ku." Bai ƙara komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Da hankalina ya dawo ne na gane tun farko ban tambayi kaina wa nake so ya karanta ba. Hajiya cewa ta yi kada aikin ya mutu a ajina, wato wata malama a Funtuwa ko Daura ta gani ta gwada. Ni kuma sai na bi sunan "ƙasa da ƙasa". Malamin sakandare ba malamin jami'a ba ne da ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan takardu, don haka hanyoyinmu sun fi nasu yawa.

Idan abin da ke hannunki labarin aji ne, me kika gwada, me ya yi, me ya ƙi, to mujallun malamai sun fi dacewa da shi. Akwai Hello World da gidauniyar Raspberry Pi ta fara fitarwa a 2017, malamai ne ke rubuta ta don malamai, ana sauke ta kyauta, sai dai ta fi karkata ga koyar da kwamfuta. Akwai Edutopia a Amurka, ana fara tura musu taƙaitaccen bayanin abin da ake son rubutawa kafin cikakken rubutu. Ba su neman ko sisi daga marubuci. Idan kuma kina da maki da jadawali kina son masana su duba, ki fara daga DOAJ da AJOL, kada ki fara daga akwatin imel ɗinki. Akwai IJEDICT ta Jami'ar West Indies, wadda ta keɓanta ga amfani da fasahar sadarwa a ilimi a ƙasashe masu tasowa, irin aikinmu ke nan. Wasu mujallun gaske ma suna karɓar kuɗi, don haka kuɗin kaɗai ba shi ne alama ba. Alamar ita ce saurin amsa da rashin gyara. Wanda ya karanta shafi 14 na wadda ba ta taɓa rubuta takardar bincike ba, ba zai rasa abin gyarawa ba.

Sai taruka. Ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, tana nan tun 1957, tana taro duk shekara, kuma malaman sakandare ne suka fi yawa a cikinta. Akwai kuma eLearning Africa da aka fara a Addis Ababa a 2006, mai zagaya ƙasashe, ga wanda ya samu mai ɗaukar nauyinsa. Shafin PhET kansa yana da wurin da malamai ke ɗora tsarin darasinsu don wasu su ɗauka. A nan na fara sa nawa, tunda tsarin darasi ba ya cikin abin da na sa wa hannu.

Abin da ban zata ba shi ne Hausa. Wata rana cikin takaici na zauna na rubuta labarin aikin da Hausa, shafi biyu, babu jadawali, babu hoton kowa: nawa na sayi kowace na'ura, yadda na raba yara rukuni-rukuni a kan wayoyi tara, yadda zafin watan Afrilu ya riƙa kashe na'urar har sai da na mayar da ita inuwa. Na sa a zauren WhatsApp na malaman kimiyya na shiyyarmu. Kafin sati ya zagayo an kira ni daga makarantu huɗu. Wani malami ya hau mota tun daga ƙauyensu ranar Asabar da katin ajiya a aljihu don in kwafa masa manhajar. Wani daga Maraɗi, wanda da Faransanci yake koyarwa kuma da takardar Turancin ce ba zai taɓa karanta ta ba, ya turo saƙon murya yana tambayar ƙarfin batirin. Na yi farin ciki sosai, amma farin cikin da takaici a cikinsa, domin wannan rubutun da ya kai ga mutane awa biyu ya ɗauke ni kuma ban biya komai ba.

Na sake aikin daga farko da sabon aji, a kan darasin haske da madubi wannan karon, don in samu makin da yake nawa. Kafin in kunna na'ura na raba wa iyaye takardar izini da Hausa, gida 6 suka ce ba su yarda da hoto ba, na bar 'ya'yansu a bayan kyamara. Na tura sabuwar takardar wata mujalla da na samo a AJOL, bayan ƙawata ta duba ta ta ce in tura. Wata huɗu suka yi. Amsar ta zo da shafi uku na gyare-gyare daga masu bita biyu, ɗayansu ya ce yawan ɗalibaina bai kai in yi iƙirarin da na yi ba, kuma gaskiyarsa. Ina kan gyaran yanzu, na kai tambaya ta bakwai cikin goma sha ɗaya.

Tsohuwar takardar tana nan inda na kai ta, tsakanin kiwon kaji da siminti. Duk farkon wata nakan sake rubuta musu in roƙe su ko hotunan kawai su cire. Ranar Lahadin da ta wuce na tura saƙo na goma sha tara.