Abin da kitsen jini ya koya mini a ɗakin gwaji

Ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a ɗakin gwajin asibitin kuɗin da na daɗe ina yi wa hidima a Garwa. Abokan aiki sun san dalili, ba sai na tona ba. Amma akwai magana ɗaya da ba na so ta bi ni gida, domin yaran da ke fitowa daga makarantar koyon aikin labo za su ci karo da ita, kuma su ma ana iya ce musu injinsu ne ya lalace. Maganar kitsen jini ce a jikin mai daɗaɗɗen ciwon hanta.

A nan, duk wanda ya karɓi takarda ya ga kolesterol ɗinsa bai kai giram 2 a lita ba, sai ya yi hamdala ya ninke ta ya sa aljihu. Galibi yana da gaskiya. Sai dai hanta ce babbar mai sarrafa kolesterol ɗin jiki, ita ke ƙunshe kitse cikin abin da muke kira VLDL ta sake shi cikin jini, ita ce kuma ke kwashe LDL, wato kolesterol mai toshe jijiyoyin jini, ta mayar ciki. Hantar da ke fama ba za ta ba ka lambar mai lafiya ba.

Ciwon hanta nau'in C, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ya fi nuna wannan a fili. Ƙwayar cutar da kitse take rayuwa: tana lulluɓe kanta da shi ta yi yawo cikin jini, kuma ƙofar da LDL ke bi ya shiga hanta tana cikin ƙofofin da take amfani da su. In ta zauna, sai ta rage wa hanta ikon fitar da kitse. Kitsen ya taru a ciki, jini kuwa ya nuna kaɗan, kamar rumbu maƙil da gero alhali kasuwa babu ko mudu. Cikin jinsunan ƙwayar, na 3 ne ya fi jibge kitse a hanta, mu a Kamaru 1 da 2 da 4 muka fi gani, amma raguwar kolesterol tana nan. Kuma ƙarancin ba kariya ba ce, don wannan cuta tana ƙara haɗarin ciwon suga da toshewar jijiyoyin jini.

To idan aka kashe ƙwayar fa? Hanta ta samu kanta, ta koma fitar da kitse, LDL ya tashi cikin makonni. Tun da sofosbuvir ya fito a 2013, magani na mako 12 ya zama yana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, likitocin hanta suka san da wannan tashin. Wannan ilimin ne ya jawo mini wulaƙancin da har yau ban manta ba.

Wani dattijo ne ɗan kasuwa, mai hawan jini da suga, ya gama shan maganinsa, gwaji ya nuna ƙwayar ta ɓace. Na auna kitsensa, LDL da a da bai kai giram 1 ba ya haura 1.5. Na sake aunawa, na duba kwantirol, wato samfurin da muke tabbatar da ingancin awo da shi, komai daidai, na sa hannu. Ba a jima ba aka ce babban likita na kira. Na tarar da shi riƙe da takardar da yatsu biyu, Alhaji na zaune da carbi a hannu.

"Kai, wannan shirmen na waye? Mutum ya warke, ka rubuta masa ciwo?"

Na ce, "Yallaɓai, na maimaita, kwantirol ya fito daidai. Bayan an warke daga nau'in C kolesterol yakan tashi."

Ya ce, "Ni za ka koya wa aiki? Aikinka danna inji."

A gaban majinyaci ya ce na yi amfani da sinadarin da ya lalace. Ya sa aka zubar da kwalbar da ba ta yi rabi ba, aka cire kuɗinta daga albashina, aka ce wa Alhaji ya manta da takardar. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, duk da ina da iyali. Mutum ne mai suga da hawan jini, wanda ya fi kowa buƙatar a kula da LDL ɗinsa, aka sallame shi da cewa lafiya lau. Allah ya sa ɗansa bai gamsu ba, ya kai shi wani ɗakin gwaji, lambar ta fito kusan yadda na rubuta. Alhaji da kansa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, ashe gaskiyarka ce, Allah ya yi maka albarka." Daga sama kuwa ko a ce mini sannu.

Shawarata ga masu duba irin waɗannan majinyata ita ce a auna kitse kafin fara magani, a sake aunawa bayan an gama. In za a ba da sitatin, maganin rage kolesterol, a duba wane maganin hanta mutum ke sha, domin wasunsu suna ɗaga yawan sitatin a jini har ya taɓa tsoka. Misali, maganin hanta ledipasvir da sitatin ɗin nan rosuvastatin ba sa haɗuwa.

Nau'in B shi ne babbar damuwarmu a arewa, daga Ngaundere har Marwa da Kuseri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, nau'in C kuwa miliyan 50. Tasirin B a kan kitse bai kai na C ba. Abin lura a nan magani ne: tenofovir na farko, TDF, yana rage kolesterol, idan aka sauya wa mutum zuwa sabon samfurinsa, TAF, lambar takan ɗan hau. Sannan ko wane nau'i ne, idan hanta ta taurare ta ƙanƙance, kolesterol da HDL (kolesterol mai amfani) da albumin (furotin da hanta ke ƙerawa) duk sai su zube tare. Na ga mutane ramammu, ido da alamar shawara, ana taya su murnar ƙarancin kitse, ba a yi musu gwajin HBsAg na minti kaɗan mai gano nau'in B ba. Wasu sai da ciki ya kumbura suka dawo. Idan kuma hanyar ruwan matsarmama ce ta toshe, kolesterol sama yake yi.

Sauran darussan gajeru ne. Tambayi majinyaci magungunan da yake sha kafin ka ɗebi jini, har da na gargajiya. Kada ka sa hannu a sakamakon da ba ka yarda da shi ba, kada kuma ka janye wanda ka tabbatar don an daka maka tsawa. Rubuta kwantirol kullum da lambar kwalba da ranar buɗe ta.

Wanda zai gaje ni zai sami littafin kwantirol ɗin a aljihun tebur na biyu, har da shafin ranar da aka zubar da kwalbar. Kuɗin da aka cire mini ba a mayar ba har yanzu.