Kirsimetin da na yi cefane da kaina

Tun watan Oktoba ake fara Kirsimeti a gidanmu da ke Tumfure, a Gombe. Mama ce take soma kai 'yan kuɗi shagon bakin layi, yau dubu biyu, jibi dubu ɗaya, Baba mai shago yana rubutawa a wani tsohon littafi da ya ɗaure da roba. Ana saura mako guda sai yaronsa ya turo baro har ƙofar gida: shinkafa, fulawa, sukari, bota, man gyaɗa. Ba mu taɓa lissafa masa abin da muke so ba, ya fi mu sani. Musulmi ne, kuma shi ke yanka mana akuya ranar jajibiri don maƙwabta su ci hankali kwance. Kwanon farko na shinkafa da miya, kafin ma mu tafi sujada, nasa ne.

Shagon ya fara ramewa bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Kantoci suka yi ta zama fayau, sai 'yan sabulai da ashana. Ya taɓa ce wa Mama kuɗin abin da ya sayar jiya ba sa sayo masa irinsa yau. Ga bashi kuma, kuma gaskiya mu ma sunanmu yana cikin masu cinsa. Bara da kaka muka wayi gari da kwaɗo a ƙofar. Yanzu wani mai POS ne a wurin.

Ni ce babba, sai cefane ya faɗo kaina. Na yi sakaci har 22 ga Disamba kafin na shiga babbar kasuwa, lokacin da kowa ke rububi, 'yan Billiri da Kaltungo na ɗaure kaya za su tafi gida, mai kaya kuwa ko kallon mai neman ragi ba ya yi. Na sayi shinkafar da rabinta tsakuwa ce. Fulawa na sayo da yawa, sukari ya kasa, cincin ɗin ya fito kamar a jefi kare da shi. Ƙannena har yau suna tsokanata.

Bana na yi hankali. Shinkafa da gero tun Nuwamba na saya a Tudun Hatsi, sabon amfani na shigowa, na kuma zuba a tafin hannu na duba kafin a auna. Mu huɗu a zumuntar mata muka haɗa kuɗi muka sayi buhun fulawa da jarkar mai muka raba, abin ya fi sayen mudu-mudu sauƙi nesa ba kusa ba. Nama kuwa watanda muka shiga. Kuɗin da Mama ke kaiwa shago ya koma adashe.

Kwanon Baba dai ba mu fasa ba. Na kai masa har gida, na tarar da shi a zaure yana ɓarar gyaɗa, na ba shi labarin cincin ɗin bara. Ya yi dariya har da tari, ya shiga ciki ya ɗauko littafin nan, ya buɗe shafin gidanmu.

"Ungo, 'yata, kwafe. Awon Mamanku ke nan."

A can ƙasa na hango ragowar bashinmu, ya ja masa layi da jan biro.